Don Allah Ka Matsa

A daminar da iska ta yaye rufin wani ɓangare na makarantarmu, sai aka haɗe mini aji biyu a ɗaki ɗaya. Sakandaren gwamnati ce ta 'yan mata a hanyar Samaru, ni ce kuma malamar ajin. Bencin mutum uku ya koma ɗaukar shida. Hanyar da nake bi in zaga ta toshe da ƙafafu da jakunkuna, har ya zama iyakata gaban allo. Duk da haka ofis bai daina turo sababbi ba, kuma dokar shugaba ita ce duk wadda ta rasa wurin zama a mai da ita karatun yamma.

Wata safiya aka kawo mini wata siririyar yarinya, 'yar Ibo, iyayenta ba su daɗe da sauka Sabon Gari ba. Ta roƙe ni da Turanci kada in kai ta yamma, domin lokacin take tsare wa uwarta shago, kai ta can daidai yake da cire ta daga makaranta. Na hango ɗan fili a bencin ƙarshe, na ce ta kutsa.

A bakin bencin akwai wata ƙatuwar yarinya daga Hanwa mai kaurin murya, wadda 'yan ajin suka addaba da kiranta ɗan dambe. Na yi faɗa har na gaji, ba su bari ba. Baƙuwar ta isa gabanta, ta tattaro 'yar Hausar da ta tsinta a kasuwa, ta rusuna.

"Don Allah ka matsa."

Ajin ya ɓarke da shewa, har da masu buga benci.

"Ni kike ce wa ka?" in ji ta Hanwa, tana miƙewa.

Baiwar Allah ba ta san abin da ta yi ba. Ta ce, "Abeg, ka yi haƙuri."

Sai na ga ta Hanwa ta cakumi wuyan baƙuwar ta maka kanta da ƙarfen taga. Na ji ƙarar tun daga gaban allo. Na kwarma ihu, amma wa zai ji ni? Na haye benci, ina taka littattafai da yatsun yara, ƙusa ta kama zanena na fizge. Kafin in kai ta sake maka ta, ta kuma sake. Waɗanda ke kusa sun so su raba, amma ko hannu ba su da wurin ɗagawa.

Na sami baƙuwar jini ya rufe mata rabin fuska, ya jiƙe farar rigarta. Babu hanyar fita da ita, sai ta saman kawuna muka miƙa ta hannu zuwa hannu har ƙofa. Ta Hanwa kuwa ta zauna tana kallon tafukanta.

A asibitin Shika aka ce idon hagun ya tafi. Uwarta ta zo ta karɓi jakarta, ko kallona ba ta yi ba. Yarinyar ba ta sake dawowa ba. Ta Hanwa kuma aka kore ta. Na yi kuka saboda su biyun, kuma har yau in na tuna shewar nan raina ɓaci yake yi.

Satin bai ƙare ba mataimakin shugaba ya leƙo, da sababbin yara a bayansa.

"Malama, an ce wurin mutum biyu ya samu a ajinki. Ga huɗu nan, ki san yadda za ki yi da su."