Ranar da Aka Ƙarasa wa Ɗan Gombe Maganarsa

Komai na zamana a Kuala Lumpur zan iya mantawa, ban da ranar da aka ƙarasa wa abokinmu maganarsa a gaban jama'a.

Mu huɗu ne, duk 'yan digiri na uku, muna haɗuwa duk Asabar bayan la'asar a ɗakina da ke Pantai Dalam don wani wasan labari. Mutum ɗaya ke jan labarin, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya riƙa magana da bakinsa, in an zo wurin haɗari a jefa ɗan ludo ya raba gardama. Mai jan labarinmu Bakano ne, baki kamar rediyo. Akwai kuma wani ɗan Gombe mai in'ina, wanda saboda ƙarfin hali ya zaɓi jarumi mai sasanta rigima, aikin da duk magana ce. In kalma ta maƙale masa ba mai kallonsa. Wani ya ƙara shayi, wani ya yagi roti, gurasar can, har ta fito. Ba mu taɓa zama mun tsara haka ba.

Da korona ta kulle kowa a ɗakinsa sai muka koma yi ta bidiyo. Bakanon ya ce tunda 'yan uwa na zaune ba abin yi, mu riƙa watsawa kai tsaye. Nan na gane wasan gida daban, na 'yan kallo daban. A gida a yi musu kan doka, a tashi salla, a dawo. A nan kuwa shiru laifi ne, ga sharhin mutane na gudu a gefen allo.

Ranar nan jarumanmu suka isa ƙofar wani gari, mai gadi ya hana su shiga. Ɗan Gombe ya fara: "Mai gida, mu ba..." Sai ta maƙale. Ba shayi, ba roti, fuskarsa ce kawai ta cika allo. Wani ɗan kallo ya rubuta, "Netwok ɗinsa ya tsaya fa." Wani ya ce a tsallake shi mana.

"Wato cewa yake ku ba da faɗa kuka zo ba," in ji Bakanon. "Mai gadi ya buɗe." Ya ci gaba abinsa.

Ɗan Gombe ya kashe kyamara, Asabar ta gaba ma bai leƙo ba. Abin ya dame ni ƙwarai, don shi kaɗai ne a ɗakinsa, kuma wasan nan ne kawai inda yake sakewa ya yi hira.

Na kira shi. "Ba fushi nake ba," ya ce. "Amma ba abin da zan faɗa ke nan ba."

Na kai wa Bakanon wannan magana. Da kansa ya lallaso ɗan Gombe ya dawo, ya mayar da labarin ƙofar garin, ya ce wa 'yan kallo, "Kowa ya haɗa shayinsa. Mai sauri, ba laifi, ga hanya."

Muka jira. Wasu suka fice. Can ɗan Gombe ya ce, "Mai gida, mu ba... ba mu da inda za mu. Ko ka buɗe, ko mu kwana nan tare da kai."

Ba wanda ya nemi ɗan ludo. Aka buɗe ƙofa.

Tun daga ranar na san mai ƙarasa maka magana tasa yake faɗa, ba taka ba.