Kan Farko Na Inji Ne

Ranar da ya samo sunan da ake kiransa da shi, ruwa ake yi tun safe, irin yayyafin nan da ba ya tsayawa, kuma ba ya hana mutum fita. Rufin shagon yana ɗiga a kusurwa ɗaya, ya tara bokiti. Shagon ma ba wani shago ba ne can, ɗan lungu ne tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga. Kujera ɗaya, benci ɗaya, madubi mai tsaga a gefe, sai injin aski da gwaggonsa ta saya masa da ya gama koyo. Ita ta raine shi, kuma ranar da ta miƙa masa injin magana ɗaya ta yi: "Wannan ni na saya. Na biyu kai za ka saya." Ya ce to, ya yi godiya, amma a bakin ƙofa ya bar maganar.

Lokacin ko gemu bai gama fito masa ba, amma hannunsa yana da kyau, samari har layi suke yi. Duk abin da ya shiga aljihunsa kafin yamma, a wurinsa riba ce. Inji kyauta aka ba shi, to me zai cire? Shi kuma cutarsa takalmi. Idan ya ga sabo a kasuwa, barci ba ya yi masa daɗi sai ya ji shi a ƙafarsa. Injin ya daɗe yana kuka, yana zafi a hannu, yana tsinkar gashi. Sai ya ɗan buga shi a tafin hannu, ya ci gaba da aiki.

To, a cikin yayyafin nan sai ga wani direban babbar mota ya shigo, mutum mai jiki da murya, ya cika kujera.

"Yaro, yi sauri. Hoton lasisi zan je ɗauka, ina so in fito kamar mutum."

"An gama, Baba."

Ya ɗaura masa ƙyalle, ya fara daga dama. Ya kwashe gefen nan tas, ya iso tsakiyar kai, sai injin ya yi tari ya yi shiru. Ya buga shi. Shiru. Ya hura shi, ya sake bugawa, sai ƙauri ya tashi.

Direba ya dubi madubi. Dama fes, hagu daji.

"Wuta aka ɗauke?"

"Akwai wuta, Baba."

"To ɗauko wani."

"Shi ke nan gare ni."

Direba ya miƙe da ƙyallen a wuya, ya leƙa waje ya ƙwala wa maƙwabta kira. "Jama'a, ku zo ku ga aikin ɗanku! Rabin Aski ya yi mini!" Mai guga ya yi dariya har ya kusa ƙone rigar mutane. Direba ya ari hular mai gyaran waya, ya shiga ruwa neman wanda zai ƙarasa masa. Daga ranar suna ya zauna, kowa sai Rabin Aski.

Mai gyara ya duba injin ya ce ya ƙone, babu ta yi. Yaro ya laluba aljihu, abin da ke ciki bai wuce na abincin rana ba. In babu inji babu shago, mai ɗakin kuma yana da masu jiran lungun. Sai ya nufi wurin Gwaggo.

Ita injin niƙa gare ta a bayan gida, tsoho tukuf, ya girmi yaron nesa ba kusa ba. Ya same ta fari fat da gari har gira. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta sauke ido kan ƙafarsa.

"Kai, wannan takalmi ya yi kyau. Me ya sa ba ka ce ya ƙarasa wa mutumin askin ba?"

"Haba Gwaggo."

"Haba me? Ai injinka ne ka sa a ƙafa. Sauran injin yana ƙarƙashin gadonka, na gani, an jera su kamar za a yi gwanjo."

Ya sunkuyar da kai. Ya ɗauka za ta yi faɗa ta gama, sannan ta kwance bakin zane. Ba ta kwance ba. Cewa ta yi ya dawo gobe da sassafe.

Washegari yana zaune mai niƙan farko ta zo. Gwaggo ta niƙa mata, ta karɓi kuɗin, ba ta ko duba ba, ta jefa a wani gwangwanin madara da ke rataye jikin gini. Na biyu da na uku kuwa a zanenta ta ƙulle.

"Wancan na wa ne?"

"Na mai aikin," ta ce, tana shafa injin. "Kana tsammanin ni ke niƙan? Ni zubawa nake. Kwanon farko nasa ne kullum, ko ciniki ya yi ko bai yi ba. Bel ya tsinke, shi zai saya wa kansa. Haƙora sun cinye, shi zai biya. Ni ban taɓa ranta masa ba, shi ma ban taɓa cin nasa ba. Kai kuwa ka sa bawan Allah aiki ba albashi, ya gaji ya tafi."

Yaro ya yi dariya, ita ma ta yi. Ta ba shi gwangwani ɗaya wanda babu komai a ciki, da almakashin ɗinkinta.

Takalman nan ya kwashe ya sayar, ya bar ƙafa ɗaya. Kuɗin bai kai na inji ba, don takalmi in ya taka ƙasa darajarsa ta zube, amma ya biya haya. Ya koma aski da almakashi da mataji da reza. Samari suka watse, ya rage yara da tsofaffi, masu haƙurin zama. Kan farko na kowace safiya kuwa sai gwangwani. Akwai ranar da kan farkon shi ne na ƙarshe. Ya daɗe yana kallon gwangwanin, ga yunwa, sannan ya rufe shago ya tafi wurin Gwaggo cin abinci. Ta zuba masa har da ƙari.

Kafin damina ta zagayo ya sayi inji. Ya kai mata ta gani. Ta juya shi a hannu ta ce, "Madalla. Gobe ma kan farko nasa ne."

"Gwaggo, ai sabo ne."

"Kai ma da sabo ne."

Direba kuwa ya dawo, don mutum ne mai son tsokana, kuma ya ga wurin yi. Da ya ji labarin gwangwani, sai ya mai da kansa mai sammako. Ya biya, ya tsaya sai ya ji ƙarar kuɗin a ciki, ya ce, "Ku shaida, ni ke ciyar da injin nan. Ya san ubangidansa."

Shekaru suka tafi. Rabin Aski ya yi aure, gwangwani ya cika ya koma asusun banki, amma ƙa'idar ba ta canza ba. Wata safiya Direba yana kan kujera, kai ya fara furfura, an kwashe dama an iso tsakiya, sai injin ya yi tari ya yi shiru. Direba ya dubi madubi, ya dafe ƙirji.

"Kai! Ni kuma? Duk garin nan kaina kaɗai injinka ya tsana?"

"Zauna, Baba."

"Mai waya! Kawo hular nan!"

"Na ce zauna, Baba."

Ya ja durowa, ya fito da sabon inji a kwalinsa, ko leda ba a cire ba. Ya jona, ya ƙarasa hagu a hankali, ya gyara gemu, ya kaɗe ƙyalle. Direba ya juya kai dama da hagu a madubi, ya rasa abin kushewa.

"To ai da kuɗina aka saya," ya ce. "A rubuta sunana a jiki."

Ranar har wurin Gwaggo labarin ya kai. Tana zaune a kujera, 'yar maƙwabta na yi mata niƙa, ta yi dariya har da share hawaye.

Yanzu Rabin Aski yana nan a layin, ya haɗa lungunsa da ɗakin da mai guga ya bari. Kujera uku gare shi, da matasa biyu da ke koyo, kowanne da gwangwaninsa a ƙarƙashin madubi. Har yau yana son takalmi, yana kuma saya, amma daga kai na biyu.