Abla Tahani, Wadda Ta Hana a Kira Mu Dada

Da na shiga ajin ƙanana da ƙarfe shida da rabi na safiyar Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, na tarar da kujerun yara a kife kan tebura yadda muka bar su jiya, sai na ajiye bokitina. Shekara goma sha tara ke kike riga kowa zuwa, ki sauke su da hannunki. Kafin Amm Gabir mai gadi ya buɗe baki na riga na san kin rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya ce zuciya ce, bayan sallar asuba.

Abla Tahani, Ni'imat ce. Karatuna bai wuce aji shida ba, amma ba zan bar wani ya rubuta mini wannan ba.

A gidajen renon yara na garinmu Damanhur malama ita ce Abla, mu masu wanke yara da share aji kuwa dada. Dada, zo ki goge. Dada, ya yi fitsari. Ranar da kika karɓi shugabancin makarantarmu kika ce duk macen da ke taɓa yaro a gidan nan Abla ce. Wata uwa ta yi dariya ta ce, "Har da mai tsumma?" Kika ce, "Mai tsumman ce ta lura ɗanki bai ci abinci ba tun Lahadi. Ke kin lura, baiwar Allah?"

Ba a suna kika tsaya ba. Kika sa mana kujeru a taron Alhamis, kusa da masu digiri, kuma da mu kike farawa. "Ni'imat, ke kike taje musu kai, me kika gani?" A can na faɗa cewa wata yarinya, Rudaina, ba taurin kai gare ta ba, in an kira ta ta hagu ne ba ta juyowa. Likita ya tabbatar kunnenta na hagu ba ya ji. Yau tana sakandare.

Ba ki da sauƙi, ba zan yi miki ƙarya don kin rasu ba. Ranar da kika ji ina tsorata yaro da cewa zan kira mai allura, kin bari sai da aka tashi, kika rufe ƙofar ofis. Na fito ina kuka. Amma ba ki taɓa yi wa ɗayanmu faɗa a gaban yara ba, kuma washegari kika kawo mini shayi da kanki.

Ga abin da ya faru bayanki. Ranar Lahadi Ustaz Magdi, shugaban kwamitin ƙungiyar da ke da makarantar, ya zo ya ce daga watan gobe wadda ba ta da takardar shaida za ta fita daga aji da taro, ta koma shara. Ya juyo ya ce, "Dada, kawo mana kofi." Na ce, "Ustaz, sunana Abla Ni'imat. Tambayi yara." Na kawo kofin, don baƙo ne. Ranar Alhamis mu shida marasa takardar muka shiga taro muka zauna. Malamai suka matsa suka ba mu wuri, ba wadda ta tashi.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa ki sha daga tafkin Annabi. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki Hajj Fathi, da 'ya'yanki Hiba da Wa'il, da ƙanwarki Su'ad da ta yi miki wanka. Allah ya ba ku haƙuri, mu ma ya ba mu.

Kin san ranar nan za ta zo, shi ya sa kika rubuta sunayenmu a jarrabawar shaidar renon yara, wadda ba a shiga sai da wasiƙar shugaba. Cikin wasiƙunmu shida, kin sa wa huɗu hannu. Kika ce tawa a ƙarshe, don tana da tsawo. Ƙarshen wata ake rufe karɓa. Tawa da ta abokiyar aikina Karima suna cikin aljihun teburinki babu sa hannu, makullin yana wajen Ustaz Magdi, kuma har yau bai ba mu ba.