Takalmin da Ke Tsayawa a Gindin Ɗorawa

Mahaifina ba ya shiga gona da takalmi. Daga gidanmu a Kahu zuwa gonar akwai 'yar tafiya, yakan yi ta da takalmin taya, irin wanda ake yankawa daga tsohuwar tayar mota. Da ya iso gindin ɗorawar da ke kan iyaka sai ya tuɓe, ya kife ɗaya a kan ɗaya, ya shiga ƙafarsa ba komai. Haka na taso na gan shi, ban taɓa tambayar dalili ba.

Sai da na yi hankali na gane ƙafar nan kayan aiki ce a wurinsa, daidai da fartanya. In ruwan farko ya sauka, takawa yake yi ya nutsa babban yatsa a ƙasa, sannan ya ce "Da saura" ko kuwa "Ta sha." Maƙwabtanmu na gona ba sa fitar da iri sai sun ji ta bakinsa. Wajen shuka ma haka: a sara da sungumi, a jefa iri, a rufe da diddige. Ya ce mai takalmi ko dai ya danne ƙasa ta yi tauri tsiro ya kasa fitowa, ko ya bar ramin sako-sako tsuntsu ya tone. Tafin ƙafarsa ya yi kaushin da ƙaramar ƙaya ba ta ratsa shi, kuma yana alfahari da hakan.

Ni koyarwa nake yi a Rano, ƙafata ta saba da safa. Shi ya sa yake tsokanata da "Malam", abin da ya sauƙaƙa masa, tunda dama ni ɗan fari ne ba ya kama sunana. Ni na kai shi asibiti lokacin da ya fara rama yana yawan shan ruwa, aka ce ciwon suga ne. Ma'aikaciyar jinyar ta duba ƙafafunsa ta ce, "Baba, daga yau ko tsakar gida kada ka taka ba takalmi. Ciwon nan yana kashe ji a ƙafa, abu ya soke ka ba ka sani ba." Ya ce to. Mahaifina ya iya cewa to.

A ranar na saya masa takalmin ruwa, baƙi, dogo har ƙwauri, mai kaurin ƙasa. Ya gwada, ya sa mini albarka. Duk sanda na kira Inna a waya na tambaya, sai ta ce ai kullum da shi yake fita, da shi yake dawowa. Gaskiya ta faɗa. Na saki jiki, har ina ba abokan aikina labarin yadda na shawo kan tsoho. Ban taɓa tunanin in tambayi abin da ke faruwa tsakanin fitar da dawowar ba.

Damina ta biyu bayan haka, ana tsakiyar shuka, Inna ta kira ni da rana tsaka ta ce in zo. Baba yana alwalar azahar ta ga ruwan da ke gangarowa daga ƙafarsa ta dama ya canja launi. Tushiyar dawar bara ce, wadda aka sare a karkace ta bushe ta yi tsini, ta shige masa ƙarƙashin yatsu ta karye a ciki. Da aka tambaye shi yaushe, sai ya ce wataƙila shekaranjiya. Kwana biyu yana cusa ƙafar cikin takalmin roba mai zafi ya taho gida, ciwon yana ruɓewa, shi ko a jikinsa.

A asibiti likita ya ce in yanka ya kama za su yi ƙoƙari su tsaya a yatsu, amma bai yi mana alkawari ba. Mako uku muna kallon ƙafar nan ana kwancewa ana ɗaurewa. Na ji tsoro ƙwarai, kuma tsoron ya juye mini ya zama fushi. Wata safiya da Inna ta fita wanke kwanuka na kasa daurewa.

"Baba, don Allah me ya sa? An gaya maka, na sayo maka, ka sa a ƙafarka har bakin gona. Jin danshin ƙasa ya fi ƙafarka ne?"

Ya juya fuskarsa ga bangon ɗakin.

"Malam, rabon da in ji ƙasa shekara biyu ke nan. Ko garwashi na taka ban sani ba."

"To da kake cewa ta sha fa?"

"Launinta nake dubawa, in kalli sama, in ƙiyasta. Allah ya rufa asiri ban yi kuskure ba." Ya gyara kwanciya. "Ranar da maƙwabta suka hango ni da takalmi a cikin gona, sun san an gama. Wa zai sake tsayawa ya tambaye ni?"

Ni ina ganin rigima ce ta tsufa, ashe mutum ne yake tuɓe takalmi kullum don kada a gane abin da ya rasa. Kunya ta kama ni, don na san lambar takalminsa amma ban san wannan ba.

Yatsu biyu aka cire, ƙafar ta tsira. Yanzu yana ɗingishi, ba ya iya wuni a sunkuye, noman ya koma hannun ƙannena. Ni kuma na koyi abin da ya kamata in koya tun farko: a sa masa safa mai tsabta, a zazzage takalmin kafin ya sa, a duba tafin ƙafarsa duk sanda ya dawo.

Da ruwan farko ya sauka bana, ya ce in raka shi. Muka iso gindin ɗorawa, na ga ya tsaya, hannunsa ya yi ƙasa kamar zai tuɓe, sai ya miƙe ya wuce ciki da takalminsa. Can gefe maƙwabta biyu suna tsaye da ƙwaryar iri, sun gan shi sarai, suka ɗago hannu suka gaishe shi.

Ya rage murya. "Malam, cire naka ka taka mini."

Na cire takalmi, na cire safa, na nutsa yatsa yadda na ga yana yi tun ina ƙarami. Sanyi kawai na ji.

"Yaya?" ya ce.

"Ban sani ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya dafa kafaɗata ya durƙusa a hankali, a gaban mutanen nan, ya damƙo ƙasa da hannu ya murza. Sannan ya ɗago ya ce musu, "Ta sha." Suka juya suka fara sara.