Kan Keken Ƙanena

Shekarar da Mubi ta faɗa hannun yaran daji, ina sayar da itace a unguwar Jambutu, cikin Jimeta. Ƙanena tela ne a can Mubi. Matarsa ce ta iso gidana da goyo, ƙafafu a kumbure, da kan keken ɗinkinsa a ka, naɗe cikin zane. Shi bai zo ba.

Ba ni ta yi wa bayani ba. A wurinmu matar ƙane ba ta tsayawa gaban wan miji ta yi magana. Matata ta gaya wa, matata ta gaya mini. Wai da harbi ya tashi, ya kwance kan keken ya ɗora mata, ya ce ta bi mutane, zai ɗauko wani tsoho maƙwabcinsu ya biyo ta.

Na bar itacen. Kullum da safe sai in tsallaka gada zuwa Vinikilang, inda sojoji ke sauke mutane daga motoci ana bincike. Duk wanda na ga ƙurar hanya a jikinsa sai in tare shi. Lokacin Jimeta ma ba ta zaune. Ana cewa gobe mu ne, masu hali suna ɗaure kaya, makarantu da coci da masallatai sun cika da baƙi. Wani ya ce ya ga tela kwance a bakin kasuwa, tef ɗin awo a wuyansa. Wata ta rantse ta gan shi da ransa a ƙasar Kamaru yana neman ruwa. Na koma wurin na farko.

"Ka ga fuskarsa?"

"Malam, gudu nake. Wa ke duba fuska?"

Na je wurin limaminmu, ɗan Borno ne. Ya ce ba a takaba a kan jita-jita. Haka yarinyar nan ta zauna, ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Ta ƙi kitso, ta ƙi lalle, amma ba wanda ya isa ya yi mata gaisuwar mutuwa.

Da aka ƙwato garin na je. Shagon ya ƙone, ƙafar keken tana nan tsaye cikin toka. Na ɗauko ta na haɗa da kan. Duk Juma'a nakan sa masa mai, in juya, in rufe.

Shekaru suka wuce. Mahaifin matar ƙanena ya zo daga Yola Gari, ya zauna a kan kututturen da nake faskare. Ya ce alƙali zai raba auren ta yi takaba, amma sai dangin miji sun faɗa da bakinsu cewa an nema an rasa.

"Baffa, a ƙara haƙuri. Jiya ma wani ya dawo Girei, har an yi masa sadaka."

"Kai kana jiran ɗan'uwa, matarka na dafa maka tuwo. Ita me take jira da shi? Furfura?"

Na raka shi bakin ƙofa. Gani nake idan na faɗa, ni na kashe shi.

Wata Juma'a ina sa wa keken mai, sai na ji motsi. Ita ce, ba labule tsakaninmu, ba matata. Ta durƙusa, amma ta ɗago kai ta dube ni, ta kira ni Hamma, wato yaya.

"Hamma, ni na ɗauko ƙarfen nan, har yau wuyana bai daina ciwo ba. Na yi abin da ya ce. Ko kukansa ba a bar ni na yi ba. Ka bar ni in yi."

Ranar ce na fara jin muryarta sosai, bayan duk zaman da muka yi gida ɗaya.

Na je gaban alƙali. Sai da aka tambaye ni sau biyu. Na ce mun nema, mun rasa. Da muka dawo ta shiga ɗaki ta yi kukan da maƙwabta suka shigo ba sallama.

Ta gama takaba, daga baya ta yi aure. Keken ta bar wa 'yarsu, yanzu ita ke ɗinki da shi. Ni kuma da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa nake iya rubuta wannan da hannuna. Ajin yana kusa da tasha. Idan motar Mubi ta tsaya, har yau sai na leƙa ta taga. Ban san abin da zan ce masa ba in ya sauko.