Fuskar Inna a Waya

Ni tela ce a garin Rano, kuma rabin cinikina yanzu ta intanet yake zuwa. Saboda haka na san yadda ake ɗaukar hoton riga. Idan wuya ya ɗan karkace, sai a karkatar da wayar. Idan hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, a naɗe shi ta baya. Wanda ya san wannan ba ya yarda da hoto, ko da na uwarsa ne.

Inna tana Kahu, can ƙasar Kibiya, tare da ƙanena da matarsa. Yayanmu yana aiki a Kaduna. Shi ya sayi babbar waya ya aika gida, ya ce daga yau kowa zai riƙa ganin Inna ido da ido. Da farko abin ya yi min daɗi. A da sai na rufe shago na hau mota kafin na gan ta, yanzu kuwa ina taka keke muna hira. Takan saka fuskarta dab da gilashin har sai hancinta kaɗai nake gani, tana ɓarar gyaɗa, tana yi wa akuya tsawa, tana tambayata dalilin da na rame. Inna ba ta iya zama hannu sake ba. Haka zuwana ya riƙa ja da baya, tunda ga ta nan kullum a tafin hannuna.

Bayan damina na fara lura da wasu abubuwa. Kiran ya koma lokaci ɗaya, bayan la'asar. Idan na kira da hantsi ba a ɗauka, sai daga baya matar ƙanena ta turo saƙon murya wai babu sabis. Ita ce kuma take riƙe wayar yanzu, ba Inna ba. Kullum bango ɗaya ne a bayan Inna, kullum gefen fuska ɗaya nake gani, ga mayafi har wuya ana tsakiyar zafi. Maganarta ta yi nauyi, aka ce min sabis ne yake jan muryar. Daddawar da take aiko min ta hannun direba ta zo, na buɗe na shinshina, na san ba hannunta ba ne.

Zuciyata ta tafi kan matar ƙanena kai tsaye. Yarinya ce mai shiru-shiru, ni kuwa ban taɓa sakin jiki da mai shiru ba. Na ce a raina ko dai tana takura wa tsohuwar ne, tana tsaye a kanta don kada ta faɗa min. Na fara kasa kunne ga abin da ke bayan kiran, ko zan ji wata tsawa. Na riƙa ɗaukar hoton fuskar Inna ina buɗa shi da yatsu, ina neman ban san me ba. Da na gaya wa yayanmu sai ya yi dariya, ya ce ni ko ruwa aka ba ni sai na leƙa ƙasan kofi. Ai jiya ma ya gan ta a waya, lafiyarta ƙalau.

Ran nan na gwada su. Na ce Inna ta ɗago hannu na ga lallen da aka ce an yi mata na bikin maƙwabta. Hoton ya girgiza, na ga rufin ɗaki, kiran ya yanke. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban taɓa ji ba.

Washegari ban kira kowa ba, na rufe shago na nufi Kahu. Na yi sallama na shiga. Inna tana kan tabarma a inuwa, matar ƙanena ta durƙusa a gabanta tana ba ta kunu da cokali, tana share mata gefen baki. Hannun Inna na dama yana kwance a cinyarta kamar ba nata ba. Ga sanda a jingine. Ɓarin jiki ne ya shanye tun cikin damina. Har asibiti aka kai ta Kano, kuma ta cikin Rano motar ta ratsa da su, zuwa da dawowa.

Na juya kan yarinyar da faɗa, ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, ita ta hana."

Na tambayi Inna me ya sa za a ɓoye min, ni da na fito daga cikinta. Ta daɗe tana haɗa maganar, don bakin ba ya bin ta da sauri.

"Ba a ɓoye wa kowa ba," in ji ta. "Duk wanda ya tako gidan nan ya gani."

Na karɓi cokalin na ci gaba da ba ta kunun, ina jin kunyar yarinyar da na yi wata da watanni ina zargi.

Bayan la'asar wayar ta yi ƙara, yayanmu ne daga Kaduna. Matar ƙanena tana wanke-wanke, sai ta miƙo min. Inna ta ce na jingina bayanta da bango na ja mata mayafi. Na so na sauke wayar ƙasa kaɗan ya ga hannun, na huta. Ta kalle ni, na gane kallon.

Na juya ta ɓangaren da bakin bai karkace ba, na ɗaga wayar daidai fuska. Yayanmu ya ce kai, Inna har ƙiba ta yi. Bai lura ba ma cewa yau ni ce nake riƙe da wayar.