Neman Mai Shaidar Jirgi-Goye

Fita daga Haɗeja

Na bar gida ana kiran assalatu, ban karya ba, ban kuma yi wa kowa sallama ba sai akuyata, domin ita kaɗai ce a unguwarmu ba ta yi dariya ba ranar suna. Kada mai karatu ya tambaye ni ƙarfe nawa. Agogona ya tsaya tun bara, don mutunci kawai nake ɗaura shi.

Ga abin da ya fitar da ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin waɗanda Turawan Ingila suka kwasa zuwa yaƙin Bama. Da ya dawo, labarinsa ɗaya ne, na teku. Ya ce cikin jiragen yaƙin da suka raka nasu akwai wani ƙarami, asalinsa na dakon kaya ne, aka aske masa kai aka shimfiɗa masa fili, jiragen sama suna tashi daga bayansa suna dawowa su sauka. Mutanen Haɗeja, waɗanda iyakar ruwan da suka sani kogin nan ne da ake tsallakewa da wando a naɗe in rani ya yi, suka ce ƙarya ce. Suka sa masa Jirgi-Goye. Da sunan ya rasu.

To, an haifa wa ɗana ɗa namiji, aka mayar masa da sunan mahaifina. Kun san ba mai iya kama wannan suna a gidanmu. Ni ban isa ba, balle uwar yaron, dole a nemo lakabi. Muna cikin shawara ko Abba ko Baffa, sai Modu, Babarbaren nan mai sayar da taki, abokin wasana tun muna yara, ya ce, "Me kuke wahalar da kanku? Ai Jirgi-Goye ne ya dawo." Kafin a gama rabon goro sunan ya shiga cikin gida. Surukata ta daina fitowa tsakar gida don kada ta ji ana kiran ɗanta da sunan maƙaryaci.

Ni Bafillace ne, wasan Fulani da Barebari na san shi, na sha yi, an sha yi mini. Amma wannan ya taɓa kabari, ya kuma taɓa jariri. Na sa aka nemo hoton irin jirgin a waya na kai masa majalisa. Ya duba ya ce, "A waya ai na ga akuya tana tuƙa mota. Kawo mutum mai numfashi da ya gani da idonsa." Wani dillalin kifi ya ce mini akwai wani tsoho a bayan Baturiya, Baba Kyari, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka hau ruwa da mahaifina. Shi ne na ɗauki sandata.

Haɗeja zuwa Kirikasamma

Adaidaita ta kai ni tasha. Kuɗin motar da aka faɗa mini ba zan rubuta shi ba, kada jikokina su karanta su ce da hannuna na biya. Direban ya cusa mu mu huɗu a bayan motar da aka yi wa mutum uku, ya ɗora buhunan taki a but. Ko a hanya kayan Modu sai sun danne ni.

Na ce, "Direba, ƙafata fa?"

Ya ce, "Baba, naɗe ta, ai tafiyar ba nisa."

Na ce, "In na naɗe ta kai za ka zo ka warware mini?"

A wani shinge mai kaki ya leƙo ya ce, "Baba, ina zuwa da sassafe haka?" Na ce neman shaida. Ya ce shari'ar gona ce? Na ce ta jirgin ruwa ce, kuma wanda ake ƙara ya shekara talatin a kabari. Ya dube ni, ya dubi direba, ya ce mu wuce, Allah ya ba da lafiya.

Wani malamin makaranta da ke kusa da ni ya ji, ya tambaya, na ba shi labari. Bai ko yi mamaki ba. Ya ce ai sananne ne, irin waɗannan ƙananan jiragen yawancinsu Amurka ce ta ƙera ta ba Ingila aro, ba su da gudu, aikinsu rakiyar ayarin jiragen kaya da na soja don tsoron jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa.

Maimakon in ji sanyi sai raina ya ƙara ɓaci. Na ce, "Sananne ne? To ina kuke duk shekarun nan ana kiran ubana maƙaryaci? Ni aji huɗu na yi aka cire ni, na ɗauka a aji biyar ake faɗa. Ga masu digiri cike da unguwarmu, ranar suna su suka fi kowa buɗe haƙora."

Ya ce, "Yi haƙuri, Baba."

Na ce, "Ka gani da idonka?"

Ya ce a'a, karantawa ya yi.

Na ce, "To kai ma waya ce."

Baturiya

Daga Kirikasamma acaɓa na hau. Ruwa ya ci hanya a wurare da yawa, sai in sauka in taka, ɗan acaɓa ya tura. Na sauka ya fi na hau, amma da muka isa bai rage ko sisi ba. Dama da hagu shinkafa ce ta yi kore shar, manoma na tsaye a kan rumfuna suna ta kora tsuntsaye da majajjawa.

Na isa bayan la'asar, masu jirgi sun riga sun tashi. Wani manomi, Malam Habu, ya sauke ni a zaurensa. Aka kawo dafa-duka da tarwaɗa mai ƙiba. Gaskiya ta yi daɗi, amma cikin fushi na ci, har na ƙara. Sauron Baturiya kuwa, duk wanda ya ga girmansa ba zai sake musun cewa abu mai fiffike na iya sauka a bayan wani abu ba.

Malam Habu ya ce, "Baba Kyari dai yana nan jiya, don an ga hayaƙi a gidansa. Amma in ni ne kai, ba zan yi jinkiri ba. Ya ba ɗari baya, ko yana dab."

A kan ruwa

Da hantsi na shiga kwalekwalen wani mai suna Garba. Muka kutsa cikin kacala, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa, ta fi mutum tsawo, tana marin fuska dama da hagu. Garba na tura gora yana zaginta, ni ina zagin Modu, muka yi ta tafiya cikin haɗin kai.

Muka yi kiciɓis da wani jirgi ɗauke da babura biyu a kwance. Na miƙe tsaye don in gani da kyau. Jirgi ya goyi babur a kogin garinmu ba wanda ya ce ƙarya ne, sai ubana.

Garba ya ce, "Zauna, Baba, in ka kifar da mu ni zan fita, kai ne ba ka iya ba."

Can kacalar ta ƙare, muka faɗa wani sarari da ruwa ya malale har ban iya hango gaɓa ba. Sai na riƙe gefen jirgi da hannu biyu, na karanta duk abin da na haddace, har da wanda ba na wurin ba. A ajiye wannan, zai yi amfani a gaba.

Gidan Baba Kyari

Na same shi a kan tabarma gindin tsamiya, ya rage ƙashi da fata, ido ɗaya ya yi fari. 'Yarsa, wadda ita ma ta girme ni, ta ce in ɗaga murya. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi ko ɗan wane ne ni.

Ya ce, "Ɗan Fulatan nan? Mai kuka in an ba shi naman gwangwani don tausayin saniya?"

Wato shi ma Babarbare ne. Na sha rana da sauro da ruwa, na tsere wa Babarbare na faɗa hannun kakan Barebari.

Na danne zuciya na ce, "Baba, a Haɗeja an ce ƙarya ya yi kan jirgin da ke goyon jiragen sama."

Ya ce, "Ƙarya ya yi mana."

Duniya ta yi mini duhu. Na fara laluben sandata.

Ya ce, "Zauna. Na ji labari yana cewa jirgin kyakkyawa ne. Ina kyau? Mummuna ne kamar ƙofar da aka jefa a ruwa. Ɗan ɗakin matuƙi a maƙale a gefen dama, sauran duk fili. In iska ta taso ya yi ta tangaɗi ya fi kowa. Manyan jiragen yaƙi masu bindigogi sun wuce abinsu, shi aka bar mana."

Ya ce jiragen saman ma tsofaffi ne, fiffike biyu wani kan wani, ana naɗe su kamar na zabuwa a sauke su cikin cikinsa. Da asuba a fito da su, su tashi su yi ta kewaya ayarin suna leƙen ruwa. In za su dawo, akwai ƙugiya a wutsiyarsu da ke kama wata waya a kan filin.

Sai ya kira 'yarsa ya ce ta kawo faifai biyu. Ya riƙe ɗaya a kowane hannu, ya buɗe hannuwan nan da ba nama, ya karkata dama, ya karkata hagu, ya sauke su a hankali, sannan ya haɗa su a ƙirji. Ya ce haka wani Bature ke tsayawa a bakin filin yana yi wa matuƙi jagora.

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Haka mahaifina ke yi a ƙofar gida da faifan mahaifiyata, yara na bin sa suna kwaikwayo, mu kuma 'ya'yansa muna ɓuya don kunya. Ni ma na ɓuya.

Ya ce, "Wata rana ɗaya daga cikin jiragen saman ya dawo, ƙugiyar ba ta kama ba, ya zarce ya faɗa teku muna kallo. Ayari bai tsaya ba, don in an tsaya na ƙarƙashin ruwa zai same mu. Wani ƙaramin jirgi dai ya juya. Ubanka ya yi ta ihu a tsaya, har saje ya mare shi. Har muka sauka ba mu ji ko an tsamo yaron da ke tuƙa shi ba. Shi ya sa ba ya daina labarin. Yaro ne kamarmu, don mu ya tashi."

Na gaya masa zancen Modu da sunan jariri. Ya tambayi sunan mahaifin Modu, na faɗa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ya ce, "Ai tare muka je Ikko. Da ya ga ruwan da ba shi da gaɓa, ya ce zai zaga, har yau bai dawo ba. Ka ce da ɗansa ina gaishe shi, ina riƙe wa babansa layin hawa jirgi."

Na ce ko zai bi ni Haɗeja ya ba da shaida. Ya ce, "Dube ni da kyau. Tafiya ɗaya ta rage mini, kuma ba ta Haɗeja ba ce. Ɗauki faifan ka tafi. Sunan kuwa, a bar wa yaro. Ƙarami ne, na aro ne, mummuna ne, amma shi ya kai mu da rai. Wane suna kuke da shi a gidanku da ya fi wannan?"

Komawa gida

Hanyar dawowa ita ce ta zuwa, sai dai ruwan ya ƙaru, kuɗin ma ya ƙaru. Duk tsawonta ina wasa maganar da zan yanka Modu da ita a gaban jama'a. Amma duk lokacin da na gyara ta, sai in tuna hannuwana a gefen kwalekwalen Garba. Ruwan Baturiya kawai na gani na nemi tsira. Baban Modu kuwa teku ya gani.

Na iso majalisa bayan la'asar da faifai biyu a hammata. Modu ya hango ni ya ce, "Ina shaidar? Ko tallan faifai ka koma?"

Na zauna kusa da shi, na ce a hankali yadda shi kaɗai zai ji, "Baba Kyari na gaishe ka. Ya ce yana riƙe wa babanka layi a Ikko."

Nan take na ji tausayinsa, abin da ban yi niyya ba. Can ya gyara hula ya dubi jama'a ya ce, "Babana bai hau jirgin nan ba. A gida mun sani. Da mahaifin wannan ya dawo yana labarin teku, sai namu ya riga kowa cewa ƙarya ne, don kada a tambaye shi nasa labarin. Abin da Bafillacen nan ya faɗa gaskiya ne." Ba wanda ya yi dariya, sai wani mai digiri ya ce ai dama sananne ne. Allah ya taimake shi sandata ba ta kai ba.

Washegari Modu ya zo gida da turmin atamfa ya ce ya zo janye sunan. Na shiga na kwashe labarin duka na gaya wa surukata, har da yaron da ya faɗa teku, na ce ita ke da zaɓi. Ta daɗe tana kallon ɗanta, sannan ta juya shi ta goya, ta fito tsakar gida karon farko tun ranar suna ta ce, "Baba, a bar masa."

To kun ji. Na sha sauro, na kusa nutsewa, an naɗe mini ƙafa, don in canja suna, na dawo sunan yana nan. Har yanzu da sauran fushina, sai dai ban san wa zan ba ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Malam Habu da Garba, na gode wa Baba Kyari duk da Babarbare ne. Na tambayi Modu ko in rubuta har da zancen babansa. Ya ce in rubuta, tunda rubutun ɗan aji huɗu ko mai shi ba ya iya karantawa. Faifan nan biyu na rataye su a zaure, ina jiran Jirgi-Goye ya iya tsayuwa in koya masa, a ƙofar gida, da rana tsaka.